Janar Ɗin Rukuba da Tsibiran Tafkin Chadi: Bitar Soldiers of Fortune na Max Siollun

A watan Afrilun 1983 sojojin Chadi suka hau wasu tsibirai na Tafkin Chadi waɗanda Najeriya ke cewa nata ne, a cikin jihar Borno. Adadin da aka fi ambata shi ne tsibirai 19. Tsaron arewa maso gabas a lokacin yana wuyan Runduna ta Uku ta sojan ƙasa, mai tankokin yaƙi, wadda hedikwatarta ke barikin Rukuba, nan bayan garin Jos. Kwamandanta tun ƙarshen 1981 shi ne Manjo Janar Muhammadu Buhari, mutumin da ya san yankin sarai, don ya yi gwamnan jihar Arewa Maso Gabas a 1975. Dakarunsa suka ƙwato tsibiran, suka bi 'yan Chadi har cikin ƙasarsu, aka garƙame iyaka, man fetur da abinci suka daina wucewa. Daga Legas gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ce ya isa haka, a janye. Janar ya ja ƙafa, sai da manya suka sa baki. Wata takwas bayan nan, ranar 31 ga Disamba, soja suka kifar da Shagari, aka wayi gari Janar ɗin Rukuba ne shugaban ƙasa.

Littafin Max Siollun, Soldiers of Fortune, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a 2013, ba a kan wannan faɗa aka rubuta shi ba. Tarihin shekara goma ne, daga faɗuwar Shagari zuwa saukar Janar Ibrahim Babangida a watan Agustan 1993, rikicin tafkin kuwa ɗan gurbi kaɗan ya samu a cikin bayanin abin da ya ɓata tsakanin hafsoshi da gwamnatin farar hula. Duk da haka, ban san wani littafi da ya ajiye wannan al'amari a mazauninsa kamar wannan ba, kuma saboda haka ne nake ganin ya cancanci mutanen Jos su karanta shi, tunda a ƙofar gidansu aka ƙulla rabin labarin.

A Farin Gada, cikin garin Jos, ba a rasa mai ba da labarin 1983. Kasuwar kayan gwari ce, inda ake loda tumatir da kabeji da karas da dankalin turawa a manyan motoci zuwa kudu, direbobi kuwa sun zaga ƙasa, ba su kuma rowar hira. Na taɓa jin wani dattijon direba a teburin mai shayi, yana jiran 'yan dako su gama ɗaure masa kwanduna, yana ba wani ɗalibin jami'a labarin. A bakinsa, tankokin Buhari har sun hango fitilun Njamena, saura ƙiris a ci garin, Shagari ya tsorata ya kira shi.

Ɗalibin ya ce, "To Baba, ta wace hanya tankokin suka bi?"

Dattijon ya ajiye kofi ya dube shi. "Kai yaro, ana zancen maza kana zancen hanya?"

Aka yi dariya, amma tambayar yaron tana kan hanya. Iyakar Najeriya da Chadi ba ta kai kilomita 90 ba, kuma dukkanta a cikin tafkin take. Mai son zuwa Njamena a mota daga Maiduguri sai ya bi Dikwa da Gamboru Ngala, ya tsallaka Fotokol cikin ƙasar Kamaru, ya kai Kuseri, sannan ya haye kogi. Nisan da aka fi cewa sojanmu sun kutsa cikin Chadi shi ne wajen kilomita 50, a tsakanin tsibirai da taɓo da ciyawar ruwa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai labarin teburin shayi yana tsayawa ne a kan jarumta, ya bar wata tambaya da ta fi ta tankoki nauyi: me ake kiran sojan da shugaban da jama'a suka zaɓa ya ce masa tsaya, shi kuma ya ga bai kamata ya tsaya ba?

Nan ne gwanintar Siollun take. Ba mai yawan wa'azi ba ne, ba ya kuma zagi ko kirari. Aikinsa shi ne ya nuna maka wane ne wane: wa suka shiga makarantar soja tare, wa ya riƙe wace birged a wace shekara, wa ya auri 'yar wa, wa ke bin wani bashin alheri. In ka bi shi a hankali sai ka ga cewa mutanen da suka kifar da Shagari ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Buhari da Babangida da Sani Abacha da Ibrahim Bako da Mamman Vatsa duk ƙananan hafsoshi ne a lokacin juyin mulkin Yulin 1966. Sun yi yaƙin basasa, sun ga an ture Janar Yakubu Gowon a 1975, wasunsu sun riƙe jihohi da ma'aikatu tun suna 'yan shekara talatin da 'yan kai. Buhari kansa ya riƙe ma'aikatar man fetur daga 1976 zuwa 1978. Da aka miƙa mulki a 1979 aka ce su koma bariki su riƙa sara wa farar hula. Sun koma, amma mutumin da ya taɓa sa hannu a takardar miliyoyi, ya ba da umarni jiha guda ta bi, da wuya ya karɓi "janye" daga bakin ɗan siyasa ba tare da ya auna ta da nasa ma'aunin ba. Da wannan shimfiɗa, abin da ya faru a tafkin ya daina zama labarin jarumi guda ɗaya. Ya zama ranar da aka gwada a fili ko wa ke da ikon faɗa a ji tsakanin fadar shugaban ƙasa da bariki, kuma duk hafsan da ke da ido ya ga yadda gwajin ya kaya.

Mai karatu ya tuna cewa akwai tsohon miki. A watan Mayun 1981 jami'an tsaron Kamaru sun kashe sojan Najeriya biyar a kan ruwan iyaka ta wajen Kuros Riba. Jama'a da soja suka so a rama. Shagari ya bi ta hanyar lalama, Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya, magana ta mutu a takarda, ba ta mutu a bariki ba. Saboda haka da Chadi ta taɓa mu bayan shekara biyu, akwai hafsoshin da suka riga suka yanke cewa wannan karon ba za a bar wa 'yan siyasa ba. Tsarin mulkin 1979 dai bai bar wata ƙofa ba: shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa. Manyan Buhari a lokacin su ne Laftanar Janar Gibson Jalo, babban hafsan tsaro, da Laftanar Janar Inuwa Wushishi, babban hafsan sojan ƙasa. Idan har sai an bi ta kan irin waɗannan kafin umarnin shugaban ƙasa ya ci, to an riga an faɗa wa kowa inda iko yake.

Duniya ta ga irin wannan. A Afrilun 1951 shugaban Amurka Harry Truman ya tuɓe Janar Douglas MacArthur, gwarzon yaƙin duniya, saboda ya nace sai an faɗaɗa yaƙin Koriya zuwa Sin bayan an ce masa a'a. Truman ya sha zagi, amma kujerarsa ta tsira. A Fakistan kuwa, a 1999, Janar Pervez Musharraf ya tura dakaru suka haye duwatsun Kargil a yankin Kashmir da ake taƙaddama a kansa, Firayim Minista Nawaz Sharif ya amince a janye a watan Yuli, a watan Oktoba Musharraf ya kifar da shi. Ba na haɗa Buhari da Musharraf a kan wanda ya fara tsokana. Namu an shigo masa ne ya kora, kuma ba mai ja da cewa korar ta halatta. Abin da ya haɗa su shi ne abin da ya biyo baya. Shagari bai tuɓe kwamandansa ba, bai ko sauya masa wurin aiki ba. Zaɓen Agusta na tafe, kuma wa zai taɓa mutumin da jaridu ke yabo?

Inda na so Siollun ya ƙara zama shi ne hujjar Shagari, don an daɗe ana yi wa mutumin nan kallon mai sanyin hali ba tare da an saurari dalilinsa ba. Shugaban Chadi Hissene Habre ya karɓi Njamena ne a watan Yunin 1982, bai ko shekara ba. A arewa abokin gabarsa Goukouni Weddeye na tafe da goyon bayan Gaddafi na Libiya. A Yunin 1983 suka ci Faya Largeau, a Agusta Faransa ta sauke sojanta. Njamena kuwa da man Najeriya da kayan Najeriya take numfashi, ta hanyar Maiduguri da Kuseri. Duk wanda ya shaƙe Habre a wannan lokaci, Libiya yake yi wa aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Najeriya ta riga ta ƙona hannunta a Chadi: ta tara ɓangarorin a Kano da Legas a 1979, ta kuma jagoranci rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1981 zuwa 1982 ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, aka tashi ba riba. Shugaban da ya san duk wannan ya ce a tsaya a bakin iyaka, ba lallai tsoro ne ya sa shi ba. A watan Yuli aka sasanta, aka buɗe iyaka. Kwamandan runduna tsibiri yake gani da gawar yaransa, kuma ba a ce kada ya gani ba. Amma an ajiye wani a sama da shi ne don ya ga abin da ya wuce tsibiri.

Sauran littafin yana tafiya da sauri, kuma yana da daɗin karatu. Akwai daren da aka je kama Shagari a Abuja aka kashe Birgediya Ibrahim Bako. Akwai mulkin Buhari da Tunde Idiagbon: yaƙi da rashin ɗa'a, bin layi da bulala, doka ta 2 mai tsare mutum ba shari'a, doka ta 4 da ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. Babin Alhaji Umaru Dikko, wanda aka samu a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted na Ingila ranar 5 ga Yulin 1984, ya fi fim. A nan ma, in ka lura, tsallaka iyaka ne don a kamo abin da ake ganin namu ne, ba tare da an tsaya tambayar doka ba. Wani abin da littafin ya sa na lura da shi, ko da yake an buga shi kafin ƙarshen labarin, shi ne yadda rufe iyaka ya zame wa Buhari maganin kowace cuta: ya yi a 1983 a kan Chadi, ya yi a Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, ya sake yi a Agustan 2019 a kan shinkafa. Mutum ɗaya ne, hali ɗaya, shekara 36 a tsakani.

Sai ranar 27 ga Agustan 1985, ana cikin hidimar Babbar Salla, Idiagbon na Makka. Muryar Birgediya Joshua Dogonyaro ce ta fito a rediyo, wasu manjoji matasa kuma suka shiga barikin Dodan suka kama shugaban ƙasa. Wanda ya ja wa nasa shugaban ƙafa a 1983, ga shi na ƙasa da shi sun zo har gida bayan wata 20 da hawansa. Siollun bai tsaya yi mana tsokaci a kan wannan ba, ya dai jera abubuwan a gabanmu, kuma hakan ya fi.

Mutumin Filato zai ga 'yan gida da yawa a cikin shafukan nan. Dogonyaro ɗan Langtang ne, haka Domkat Bali da Jeremiah Useni da John Shagaya, tarin hafsoshin da ƙaramin gari guda ya ba ƙasar nan. Bali ne ya fito ya sanar da harbe Mamman Vatsa a watan Maris na 1986, Vatsa marubucin waƙoƙi, abokin Babangida tun ƙuruciya. Babin Vatsa da na Manjo Gideon Orkar, wanda ranar 22 ga Afrilun 1990 ya shelanta a rediyo cewa ya cire Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga Najeriya, su ne inda alƙalamin marubucin ya fi kaifi. Ya nuna yadda soja, bayan sun gama da farar hula, suka juya suna cin junansu, har ya zama aboki ba ya iya kwana a gidan aboki da ido biyu rufe. A cikin shekarun nan ne kuma, a 1991, gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda Farin Gada ke ciki. Duk wanda ya zauna a garin nan daga rikicin 2001 zuwa yau, ya wuce shingen soja da safe ya wuce da yamma, ya san cewa abin da aka sa wa hannu a ofishin janar ba ya ƙarewa a ofishin.

Inda littafin ya gaza, a ganina, shi ne tafkin kansa. Muryoyin da ake ji a cikinsa na hafsoshi ne da 'yan jaridar Legas, sunaye da muƙamai kuma wani lokaci sukan yi yawa har mai karatu ya riƙa komawa baya yana neman wane birgediya ne wannan. Amma me ya sa tsibiran suka zama abin faɗa a 1983, ba a 1963 ba? Amsar tana wurin ruwa. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na farkon 1980 ya janye shi har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Da ruwa ya ja baya sai sabuwar ƙasa ta fito, mai albarkar masara da wake, masunta kuma suka bi kifi inda ya tafi: Barebari da Buduma da Shuwa, da Hausawan Kabi da Sakkwato, da Jukunawa, har da mutanen Mali. Turawan Ingila da Faransa sun ja layin iyaka ne a kan takarda, a bisa ruwan da ba a kafa masa turaku ba. Masunci da ya kafa bukka a tsibirin da bara babu shi, wa zai biya haraji? Kifin banda da ake tarawa a Doron Baga a kai har Onica kuɗi ne masu yawa, kuma sojan da gwamnatinsa ba ta iya biyansa albashi ba ya san inda kuɗi suke. Wannan ɓangare na labarin, na mai kwale-kwale da mai ƙona banda da aka wayi gari ana harbi a kansu, ba ya cikin littafin.

Rashin nasa ya fi fitowa idan aka dubi abin da ya biyo baya. Faɗan 1983 ne ya sa Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu suka kafa a 1964, ta ɗauki aikin shata iyaka a cikin tafkin a ƙarshen shekarun 1980. Mu da muka kori Chadi a kan ta hau mana tsibiri, mutanenmu sun bi ruwa sun zauna a Darak da ƙauyukan kewayenta, hukumominmu suka bi su da 'yan sanda da makaranta. Ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ce Darak ta Kamaru ce, a hukuncin da ya tafi da Bakassi, a Disambar 2003 kuma Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da talatin a yankin. Ranar 3 ga Janairun 2015 Boko Haram ta ci sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga. Wata guda bayan haka sojan Chadi suka tsallako suka shiga Gamboru, daga baya Dikwa, jama'a na murna. Shugabansu Idriss Deby ne, wanda a 1983 yake cikin manyan kwamandojin Habre. A daidai lokacin nan ana yaƙin neman zaɓe, magoya bayan Buhari na tuna wa mutane cewa shi ne ya kori 'yan Chadi. Ya ci zaɓe, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, cikin mako guda ya sauka a Yamai, washegari a Njamena, yana neman haɗin kan Deby. Ba laifin Siollun ba ne da bai ga wannan ba, littafinsa ya riga shi fitowa da shekara biyu. Wata fuskar ma alheri ne: an rubuta shi kafin labarin 1983 ya zama kayan kamfe, shi ya sa babu ƙamshin jam'iyya a jikinsa.

Yanzu manyan 'yan wasan sun tafi. Shagari ya rasu a Disambar 2018, Deby ya mutu a fagen daga a Afrilun 2021, Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 aka binne shi a Daura. Shagari ya bar nasa bayanin a Beckoned to Serve na 2001, Babangida ya fitar da nasa a 2025, Siollun kuma ya ci gaba da labarin a wani littafin na 2019 a kan zamanin Abacha da Obasanjo. Mai son ya fahimci shekarun nan sai ya haɗa su ya karanta, amma da na Siollun zai fara, don shi kaɗai ne a cikinsu ba ya kare kansa.

Abu biyu suka rage. Littafin da Turanci yake, kuma mafi yawan masu ba da labarin 1983 da masu saurarensa ba da Turanci suke hira ba. Ya kamata wani ya nemi izini ya mayar da shi Hausa, ko da babobin farko ne. Na biyu ya fi gaggawa. Masuncin da yake ɗan shekara 20 a tsibiran nan a 1983 yau ya haura 60, da yawansu kuma rikicin Boko Haram ya tarwatsa su zuwa Maiduguri da Monguno da Diffa. Kurataun da suka shiga taɓon, wasunsu sun yi ritaya sun zauna nan kewayen Rukuba da Bassa. Sashen tarihi na Jami'ar Jos ba shi da nisa da shataletalen Farin Gada, ɗalibi kuma ba ya bukatar abin da ya wuce wayar ɗaukar murya da kuɗin Keke Napep kafin ya fara da na kusa.